Yatsu Huɗu a Rairayin Gidan Ramadan

Da hantsi Dije mai aikin gida ta shiga ɗakin rairayi da tsintsiyarta, ta fito babu tsintsiyar, tana salati. Kular yawu ta ɓace.

Wanda bai san gidan Ramadan ba zai ce wane irin rashin aikin yi ne ya sa mutane tara yawu a kula. To, ga yadda abin yake. Gidan tsohon gidan fatake ne a Jakara. Kakansu Ramadan daga Gadamas, can ƙetaren hamada, ya zo da raƙumansa, ya zauna, ya haifi maza biyu. Mustapha ya tsaya Kano ya riƙe gida. Mikail ya bi ayari ya yi arewa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekaru suka shuɗe, soja suka yi mulkinsu suka koma bariki, fastocin 'yan siyasa suka rufe katangun unguwa, sai wani yaron gidan, Dakta Abdulhakeem, ya yi gwajin DNA, irin wanda ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika ƙasar waje. Sakamako ya fito ya ce yana da ɗan'uwa na jini, wani ɗalibi ɗan Agadas da ke karatu a Faransa. Aka yi ta waya. Daga ƙarshe uwar ɗalibin, wata mata mai suna Ruqayya, ta hau mota ta zo Kano, ta ce sunan kakanta Mikail.

Don a tabbatar, Dakta ya karɓi yawun manyan gida da na baƙuwar, ya jera kwalaben a wata 'yar kula shuɗiya, ya ajiye a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi kafin ya tafi da su. Ita ce aka wayi gari babu.

Kafin azahar unguwa ta gama shari'a ta yanke hukunci. Wa zai ji tsoron gwaji in ba maƙaryaci ba? Baƙuwar ce. Masu zurfin tunani kuma suka ce ai ba nan gizo ke saƙar ba, yawun gida guda ne a hannun wadda ba a san asalinta ba, sai dai a jira a ga wanda zai fara faɗuwa. Samarin gidan suna cewa a kira 'yan sanda. Mai gidan, Alhaji Isiyaku, ya hana. Ya ce ba a taɓa kai baƙo caji ofis daga gidan nan ba, gobe da safe a sa ta a motar Damagaram da mutuncinta, a rufe maganar.

Wane mutunci? Mace ta ƙetaro hamada neman dangi, ta koma da sunan ɓarauniya. Yayar Alhaji, Hajiya 'Yardada, tsohuwar da ta kusa casa'in, yanar ido ta rufe mata gani amma ba ta rufe mata kai ba, ita ta ce ba ta yarda ba. Ta ce a kira mata Mailafiya.

*

Malam Mailafiya mai bin sawu ne. A ƙuruciyarsa shanun sata yake bi a dazukan Kazaure, yanzu da tsufa ya kama shi sai awakin unguwa da yaran da suka ɓata. Mutum ne mai tafiya kai a sunkuye, har wasu na zaton kunya ce. Ba kunya ba ce, ƙasa yake karantawa.

Da saƙon ya iso masa bai tsaya neman hularsa ta kirki ba. Gidan Ramadan ba gidan da zai ce yana zuwa ba ne. A zamanin soja, yana sabon zuwa birni, an taɓa kwashe shi cikin wani kame a bakin kasuwar Kurmi, ba shi da kowa, ba wanda ya san sunansa. Alhaji Isiyaku, wanda sau ɗaya tak Mailafiya ya taɓa gano masa ragon layya, ya rufe rumfarsa ya bi motar. Da aka tambaye shi mene ne haɗinsa da wannan baƙauye, ya ce, “Ɗan'uwana ne.” Kalmar nan ita ta fito da shi, ita ta ba shi ɗaki, ita ta yi masa aure. Har yau in ya tuna sai ya ji idonsa ya yi zafi.

Ya tarar da Alhaji a zaure, zaune kan buzu, ƙafar dama a miƙe saboda ciwon gwiwa, da huffinsa na fata da ba ya rabuwa da shi ko ana tsaga zafi. Suka gaisa.

“Yaya ce ta taso ka,” in ji Alhaji. “Da ta bar ka ka huta. Abin bai kai ya kawo ba, Mailafiya. Yawu ne fa.”

“Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, in yawu ne kawai, ai sai a sake tofa wani.”

“Babu wanda zai sake. Mutane sun tsorata.” Alhaji ya ja carbinsa. “Ita ma baiwar Allah ban ce ita ce ba. Ka shiga ka duba, don hankalin Yaya ya kwanta.”

*

Ɗakin rairayi yana can ƙuryar gida, ginin ƙasa mai kaurin bango. Dakta Abdulhakeem ne ya raka shi, jikan Hajiya, saurayi mai natsuwa, duk ya rame a wuni ɗaya. A bakin ƙofa ya tsaya ya cire takalmi, ya cire safa.

“Baba, sai ka tuɓe duka,” ya ce. “Dokar ɗakin ke nan. An ce kaka Ramadan ya zo da jakar rairayin garinsu ya gauraya da wannan. Ba a taka shi da fata ko ƙyalle, sai da tafin ƙafa. Duk jaririn da aka haifa a gidan nan, ranar suna ana kawo shi a dangwala ƙafarsa a ciki.”

“Makulli fa?”

“Yana rataye a ƙusa bayan randa. Kowa a gida ya sani.”

“Baƙuwar ta sani?”

“Ta ga lokacin da na ɗauka.” Dakta ya sunkuyar da kai. “Ni na jawo mata. Ni na ce ta zo.”

Mailafiya ya ce ya jira shi a waje. Ya shiga ya tsuguna daga gefe, ya bar idonsa ya saba da duhun ɗakin. Sawun Dije ne ya fara gani, shiga a natse, fita a guje, ga tsintsiyar a yashe. Ban da shi babu komai, don wanda ya ɗauki kular ya share bayansa. Sai dai wace irin shara! Mace in tana shara daga ƙurya take farawa, hannunta na tafiya a jere, ta fito da ita baki. Wannan kuwa an yi ta caccakar rairayin ne hagu da dama, kamar kaza ta yi tono. Wanda ya yi ta bai taɓa riƙe tsintsiya ba tun da uwarsa ta haife shi.

Ya tura ƙyauren a hankali ya leƙa bayansa. Nan mai sharar ya tsaya ya jingina kafin ya fara, kuma nan ya manta. Sawu ɗaya, ƙafar hagu, babu takalmi, ya fito ras. Babba ne, na namiji. Ya nutse fiye da kima, alamar mai shi ya ɗora mata duk nauyinsa yana tausaya wa ɗaya ƙafar. Mailafiya ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa. Huɗu ne. Wurin ɗan ƙaramin yatsa babu komai, rairayin ko taɓuwa bai yi ba.

Wani abu ya ɗarsu a ransa game da nauyin nan, ya yi maza ya kawar da shi, ya nemi tsari. Ya leƙo ya ce a ba shi ƙwarya. Ya kife ta a kan sawun, ya ce wa Dakta ya kulle ɗakin ya sa makullin a aljihunsa.

“Ka ga wani abu, Baba?”

“Na ga ɓarawo mai ladabi,” in ji Mailafiya. “Ya zo sata, ya tuɓe takalmi.”

*

Dije, wadda ke kula da Hajiya, ba ta jira an tambaye ta ba. Ita tun ranar da baƙuwar ta sauka jikinta bai ba ta ba, mace ba ta cin tuwo sai shayi. Amma in ba baƙuwar ba ce, to Garba ne, mai gyaran janareta, don ranar da ake tofa yawun yana tsakar gida, kuma da kunnenta ta ji ya ce akwai bokan da zai sayi wannan kaya da daraja.

Mailafiya ya san Garba, ya kuma san acaɓa ta taɓa cire masa yatsa. Ya taka har Ƙofar Ruwa. Ya same shi a bakin rumfa cikin baƙin mai, an wargaza wani inji an baje a ƙasa.

“Ni?” Garba ya dafe ƙirji. “Baba, wasa fa na yi. Yanzu mutum ba zai yi wasa a garin nan ba? Ni ko yawuna ƙyamarsa nake, balle na tsofaffi.”

“Cire silifas ka taka nan.”

Ya taka. Yatsu huɗu, amma giɓin a tsakiya yake, kuma ƙafar dama ce. Mailafiya ya yi murmushi. Dama bai sa rai ba. Garban da ke shiga masallaci sai an tuna masa takalmi, shi ne zai tuɓe don rairayi?

“Allah ya shirye ka, ka rage surutu,” ya ce masa. “Gobe da hantsi ka zo gidan, a wanke ka a gaban mutane.”

*

Da ya dawo an kusa la'asar. Aka yi masa iso sashen Hajiya, inda aka sauki baƙuwar. Yana shiga tsakar gidan ya ga abin da ya tsayar da shi. Wani ya yi alwala a bakin rijiya ya taka siminti da jiƙaƙƙiyar ƙafa zuwa ɗaki, rana ba ta gama shanye sawun ba. Ƙananan ƙafafu ne, na mace. Yatsu huɗu hagu, yatsu huɗu dama.

Da wani ne ya ga wannan ya kuma ga na ƙarƙashin ƙwarya, da an gama da baƙuwar. Ya tsaya a wurin yana gyara zaman hularsa har sawun ya bushe.

Ruqayya na zaune a bakin ƙofa, doguwa, ta haura arba'in, jakarta a ɗaure a gefe. Idonta ya kumbura amma muryarta ba ta rawa. Hausarta irin ta mutanen arewa ce, a hankali take fita.

“Malam, ban ɗauka ba,” ta ce. “Ni na fi kowa son a yi gwajin nan. Mahaifiyata ta rasu tana cewa muna da dangi a Kano. Ban zo neman gado ba, muna da rufin asirinmu. So nake in koma in ce wa 'ya'yana ga inda muka fito.”

“Malama, ki yi haƙuri da tambayar tsoho. Ɗan ƙaramin yatsanki na ƙafa, haka aka haife ki da shi?”

Ta ja zanenta ta rufe ƙafar, ta ɗan ji kunya. “Haka yake, a kan ɗan'uwansa yake hawa, ba ya taɓa ƙasa. Na mahaifiyata ma haka. An ce na kakana Mikail ne.”

Daga cikin ɗaki muryar Hajiya 'Yardada ta fito. “Me ta ce? Ke, matso da ƙafar nan.” Tsohuwar ta lalubo, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe ba ta saki ba. “Ƙafar Baffa Mikail,” ta ce. “Ina yarinya nakan zauna ina ja masa shi, yana cewa kaka Ramadan ne ya ba shi aro. Babanmu bai gado ba, mu ma ba mu gado ba. Na ɗauka ta tafi ke nan.”

“Mikail 'ya'ya nawa ya bari?” Mailafiya ya tambaya.

“Biyu. Mahaifiyata tana ciki ya rasu. Akwai wanta, namiji, ɗan fari, shi ya sa kakata ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce wanda ya tafi kudu. Kakana ya bar wasiyya a kai yaron Kano ya taka rairayin gidansu. Muna yara muna dariya, duk rairayin Agadas bai isa ba sai an je Kano? Sai da na zo gidan nan na gane.” Ta share ido. “An haɗa shi da wani madugu. Daga baya labari ya zo madugun ya mutu a hanya. Aka yi wa yaron addu'a tare da shi.”

Mailafiya ya lura Hajiya ta daina jan carbi. Ya ce wa Ruqayya ta ɗan ba su wuri.

“Hajiya, akwai yaron da ya taɓa zuwa gidan nan da ayari?”

“Wannan magana mu biyu muka rage da muka san ta, ni da mai ita,” ta ce. “Ina gidan miji a Nguru aka yi. Wani madugu ya mutu a zango, bayan Ƙofar Ruwa, ya bar yaro ƙarami ba ya jin Hausa. Abokan tafiyarsa suka ce abin da suka sani kawai, gidan Ramadan za a kai shi. Baba ya je ya ɗauko shi, ya ce ɗansa ne, duk wanda ya ƙara tambaya bai yafe ba. Da na dawo gida bayan rasuwar mai gidana, na tarar da shi magidanci. Mu dai mun ɗauka tausayi ne irin na Baba.”

“Bai taɓa cewa ɗan wane ne ba?”

“Ina zai ce? Sun rabu da Baffa Mikail baram-baram a kan tafiyar nan. Baba ya rantse a gaban mutane bakinsa ba zai sake ambaton sunansa ba, kuma har ya koma ga Allah bai ambata ba.” Ta kamo hannun rigarsa. “Mailafiya, me ka gani a ɗakin nan?”

“Alheri na gani, Hajiya. Ki sa a tara mutane gobe kafin motar Damagaram ta tashi.”

A hanyarsa ta fita ya bi ta gaban turakar mai gida. Ɗigon ruwa ya bi ƙasa daga zaure har bakin ƙofar, irin na ledar ƙanƙara. Alhaji Isiyaku kuwa, saboda tari, ya fi shekara ashirin bai sha ruwan sanyi ba. Mailafiya ya sa ƙafa ya murje ɗigon, ya wuce. Bai ci abincin kirki ba ranar. Mutumin da ya kira shi ɗan'uwa a gaban soja, yau shi zai tsayar a gaban 'ya'yansa. Ya yi ta juya abin, ta ina zai fara, don ya san in ya fara ta wurin satar ya kashe dattijo da ransa.

*

Da hantsi aka taru a ƙofar ɗakin rairayi. Hajiya a kan kujera, Alhaji Isiyaku a kan buzunsa, 'ya'yansa maza a tsaye bayansa, Dakta, Dije, Garba ya sha wanka kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ruqayya na gefe da jakarta.

Mailafiya ya fara da sallamar Garba, ya ce ba shi da laifi sai na baki. Sannan ya ce, “Wanda ya ɗauki kular nan namiji ne, don bai iya shara ba. Kuma ba baƙo ba ne. Ɓarawon waje ba ya tuɓe takalmi. Wannan ya zo yin abin da ya san ba daidai ba ne, hankalinsa a tashe, amma ƙafarsa ta ƙi taka rairayin kakansa da fata. Da ya shiga da takalmi, wallahi da ban gane shi ba.”

Ya nemi izinin Hajiya, ya ce Ruqayya ta shiga ta taka kusa da ƙwaryar. Ta cire safa ta taka, ta ja da baya. Ya ɗaga ƙwaryar. Aka yi cincirindo a bakin ƙofa ana leƙe.

“Yatsu huɗu, ga shi nan iri ɗaya,” in ji Dije. “Ai na faɗa.”

“Dije, buɗe idonki. Wannan ya fi wancan da rabin taƙi. Ko cikin dare ƙafarta ta kumbura ta saɓe?” Aka ɗan yi dariya, Dije ta ja mayafi. “Ba ƙafa ɗaya ba ce. Amma ƙafar gida ɗaya ce. Hajiya, ta wane ne?”

“Ta Baffa Mikail ce,” in ji tsohuwar, “shi kuma ta Ramadan ya gado.”

“Malama Ruqayya, faɗa musu abin da kika faɗa mini.”

Ta faɗa, wasiyyar da madugun da yaron da aka yi wa addu'a. Tana magana Mailafiya bai dubi kowa ba sai ƙasa, amma ta gefen ido ya ga carbin Alhaji ya zame daga hannunsa. Ya ga kuma babban ɗan Alhaji ya sunkuya yana kallon ƙafar kansa.

“Ni aikina bin sawu,” in ji Mailafiya. “Na bi wannan, na ɗauka gidan ɓarawo zai kai ni, sai ya kai ni wurin yaron da aka ce ya mutu a hanya. Bai mutu ba. Ya iso, ya girma, ya riƙe gidan kakansa, ya yi wa mutane alherin da ba za su iya biya ba, ni ne na farkonsu. Ba zan ce kowa ya tuɓe takalmi ba. Mai ƙafar yana ji na.”

Can Alhaji Isiyaku ya jawo ƙafarsa ta hagu, ya fara kwance huffin. Igiyar ta ƙi kwantuwa. Babban ɗansa ya durƙusa ya taya shi. Ƙafar ta fito fara sol, ba ta san rana ba, ɗan ƙaramin yatsan a kwance a kan ɗan'uwansa.

“Tun ina yaro ake ce mini ɗan ayari mai yatsu huɗu,” ya ce, ba tare da ya ɗago ba. “Na ɗauka shi ne shaidar ni bare ne, na ɓoye shi. Da Abdulhakeem ya ce gwajin nan zai nuna na gida ya nuna wanda ba na gida ba, na tofa don ba yadda zan ƙi, amma tun daga ranar ban yi barci ba. Ba don kaina ba, ni na gama. Yaran nan ne. In takarda ta zo ta ce ubansu tsintacce ne, da wane suna za su amsa?” Ya juya wajen Dakta. “Kayanka na ƙarƙashin gadona. Na kai su bakin kwata zan zubar, na kasa. Na sa musu ƙanƙara, ka ce ba sa son zafi.”

Dakta ya durƙusa a gabansa. “Baba, ni ne ban iya bakina ba. Ka yafe mini.”

“Kawo ƙafar,” in ji Hajiya. Aka matsar da kujerarta. Ta shafa yatsan, hawaye na bin kuncinta. “Isiyaku, ashe abin da Baba ya gani ke nan. Inna ta ce ranar da ya kawo ka, da kansa ya wanke maka ƙafa a bakin rijiya, sai aka ga ya tsaya yana kuka. Ya ɗauke ka ya shiga ɗakin nan ya rufe ƙofa. Rantsuwa ta ɗaure masa baki, amma wasiyyar ƙaninsa ya cika ta. Shekara saba'in kana ɓoye abin da ya fi na kowa a cikinmu. Alhamdu lillahi da ban mutu ban taɓa ta ba.”

Alhaji ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe, ƙafa ɗaya da huffi ɗaya babu, ya je gaban Ruqayya. Dattijon da duk Jakara ke durƙusa wa, shi ne ya sunkuyar da kai.

“Baiwar Allah, na ji ana ce miki ɓarauniya na yi shiru. Har mota na sa a nema miki. Ban san da bakin da zan roƙe ki ba.”

Ruqayya ta dube shi, ta dubi ƙafar. Ta zube a ƙasa ta kama ta da hannu biyu.

“Kawu,” ta ce. “Kakata har ta rasu, in ta ga ayari ya taso daga kudu sai ta fita ta tsaya.”

Daga nan babu wanda ya iya riƙe kansa, har Garba. Dije ce ta fara ɗauke jakar baƙuwar ta mai da ita ɗaki, tana tafe tana neman gafara ba wanda ya tambaye ta. Alhaji ya ce wa Dakta ya ɗauki kularsa ya aika, yanzu shi ya fi kowa son takardar ta zo, kuma a rubuta wa yaron da ke Faransa cewa yana da kaka a Kano.

Mailafiya ya ɗauki takalmansa zai sulale. Alhaji ya hango shi.

“Mailafiya. Ka sani tun jiya?”

“Na sani, Alhaji.”

“Ka kuma kwana da shi.” Ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. “Ranar da na ce wa sojan nan kai ɗan'uwana ne, ni kaina ban san ko ina da ɗan'uwa a duniya ba. Allah ya saka maka.”

Mailafiya ya ajiye takalmansa. Sai ya tsuguna ya kwance masa ɗaya huffin, ya kama shi suka shiga ɗakin tare, a hankali saboda gwiwar. Dije ta dawo ta ɗauki tsintsiyarta tana jira su fito. Hajiya ta ji motsin tsintsiyar ta ce ta ajiye, yau ba za a share ba.